Wanda Ya Cinye Aljihun Inji

Altamizal, 4 ga Maris

'Yata Yineth,

Gaisuwa daga nan kan tudu, tawa da ta innarki Nohemí. Muna lafiya, in kin cire gwiwata ta hagu. Hawan jinin innarki ya sauka. Likita ya hana ta gishiri, ita kuma ta hana ni, ban san laifin da na yi ba. Na ba direban motar Medellín ƙunshin kofi da biskit ɗin achira, ki hanzarta zuwa tasha kafin ya ji ƙamshi.

Ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Kin san babban injin ƙungiyarmu ta manoman kofi, wanda nake kula da shi shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa ce mini sannu. Ƙarfe ɗaya ne, amma kwamfutoci uku ke zaune a cikinsa kamar 'yan haya: ta sikeli, ta gidan rediyo, sai tawa mai riƙe wasiƙun imel na ƙungiya da bayanan ruwan sama. To duk Asabar, da manoma sun sauko da buhuna, sai ta sikeli ta kwanta. A ɗora buhu, a jira minti huɗu kafin lamba ta fito. Shekaranjiya layi ya kai ƙofar coci, wani alfadari ya gaji da tsayuwa ya cinye furannin Fada, limamin cocin.

Ni na san mai laifi. Rediyon Olimpo Trujillo ne. E, Olimpo da ya riƙe mini ɗana ranar baftisma, wanda shekara tara ke nan ban amsa gaisuwarsa ba, tun ranar da ya shaida wa duk gari ta rediyo cewa ma'aunin ruwan samana gwangwanin madara ne, kuma kyanwa na sha a ciki. Kada ki ce gaba ce ke magana. Ilimi ne.

Ƙungiya ta yanke hukunci: ranar Lahadi 7 ga Afrilu, bayan coci, za a yi babban taro, duk ɗan hayar da aka samu da laifi za a kwashe masa kaya daga injin. Olimpo ba shi da wani wurin da zai kai rediyonsa, wannan kuma damuwarsa ce. Abin da nake so a wurinki hujja, mai lamba. Mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta, ba ta kai ki jami'a don ki zuba ido ana raina ƙaninta ba.

Kawunki,
Aristóbulo Perdomo Cuéllar

Medellín, 9 ga Maris

Kawu,

Ina gaida ku da kyau, kai da Inna da gwiwa. Kofi ya iso lafiya. Biskit kuwa rabi ya iso, direban ya ce hanya ce ta girgiza shi.

Na duba bayanan da ka turo, kuma ina zargin wuri ɗaya. Ƙwaƙwalwar injin tana da ɗan aljihu a jikinta, inda take ajiye abin da take yawan ɗauka, don kada ta riƙa kai-komo zuwa babbar ma'ajiya. Aljihun nan ɗaya ne tal, duk 'yan hayar a ciki suke zuba kayansu. In ɗaya ya cika shi, na sauran ya zube waje, sai ka ga suna jan ƙafa alhali ba abin da ya lalace.

Ita ƙwaƙwalwar tana sane da yawan abin da kowane ɗan haya ya cinye. Manhajar da kake kula da 'yan hayar da ita ce ba ta iya tambayarta ba. Abin dariyar, wata biyu ke nan ina rubuta wani ɗan gyara, faci muke ce masa, da zai koya mata wannan tambayar. Amma Kawu, manhajar nan ba ta gidanmu ba ce. Mutane ne daga ko'ina a duniya suke gina ta tare, kuma ba a karɓar faci sai ya bi ta hannun mai dubawa. Tawa wata mata ce a Poland, sunanta Bożena. Ban taɓa ganin fuskarta ba, amma na san ba ta dariya. Sau uku ta dawo mini da shi. Na farko wai layi ɗaya ya wuce harafi tamanin. Na biyu wai in raba shi gida bakwai. Na uku ta rubuta kalma ɗaya kawai a ƙarƙashin layi na ɗari biyu da sha huɗu: "Dalili?"

Saboda haka kada ka sa rai da 7 ga Afrilu. Kuma ka tuna rediyon nan ne ke sanar da mutanen bayan dutse rasuwa da ranar rigakafi. Ina ma ka je ka yi wa Baba Olimpo magana baki da baki? Taku arba'in ne tsakanin ofishinka da nasa, na taɓa ƙirgawa.

Taka,
Yineth

Altamizal, 13 ga Maris

Yineth,

Muna lafiya. Taku arba'in da biyu ne, kuma ba zan yi ko ɗaya ba.

Wace ce wannan Bożenar? 'Yar gidan wa? Ta taɓa tsayawa a rana da buhu a kafaɗa? Ki turo mini adireshinta in aika mata kofi kilo biyu, na wanda muke ajiyewa don baƙi. Ban ce cin hanci ba, gaisuwa ce. In ta sha ta ƙara tambayar dalili, to matsalar ba ta facinki ba ce.

Ni dai ki turo mini abin yadda yake. Wanda ya haɗa injin nan da hannunsa, ya kore masa kyankyaso sau biyu, bai buƙatar izini daga Poland. Na kuma ji cewa ana rubuta sunan wanda ya gwada faci a ƙasansa, duniya ta gani. In haka ne, a sa nawa cikakke, har da na wajen uwa.

Jiya Olimpo ya sa waƙa ɗaya sau uku a jere. Mutumin da bai iya tsare faifai ba, ya za a yi ya tsare aljihu?

Kawunki

Medellín, 20 ga Maris

Kawu,

Ba zan aika wa Bożena kofi ba, za ta dawo da shi ta ce in raba shi gida bakwai.

Ga zubi na huɗu na facin na haɗo. Na gwada shi a kan injina, yana aiki. Amma ba a gama dubawa ba, don haka don Allah ka ji ni da kyau: ka kunna shi ranar Asabar, ka kwafe lambobin, ka turo mini. Kada ka nuna wa kowa. Kada ka buga a takarda. Kada ka tsaya a ƙofar rediyo kana tari mai ma'ana.

A gaida Inna.
Yineth

Medellín, 31 ga Maris

Kawu,

Lafiya? Asabar biyu sun wuce ban ji ɗuriyarka ba. Na kira Inna, ta ce kana nan ƙalau, sai dai ka rage cin abinci kuma ka gaida maƙwabci. Hankalina ya tashi. Ina lambobin?

Yineth

Altamizal, 2 ga Afrilu

'Yata,

Muna lafiya, godiya ga Allah. Aiki ne ya yi yawa.

Na kunna abin naki. Yana da kyau, rubutun ya fito sarai. Lambobin kuma suna nan, ba inda za su je. Sai dai kwanan nan ina yawan tunani. Mene ne lamba, Yineth? Ɗan Adam ya fi lamba. Kuma minti huɗu ba wani dogon jira ba ne, kakanninmu da tsohon sikelin ƙarfe wuni suke yi, ba su mutu ba. Ina ganin wannan zamani gaggawa ta yi mana yawa.

Wata tambaya, ba don komai ba, wani abokina ne a Pitalito yake son sani. A ce mutum ya ajiye hotunan tseren keke a kwamfutarsa, ba masu yawa ba, kamar na shekara goma sha ɗaya, yana ɗan kallo ranar Asabar in aiki ya lafa. Irin wannan yana cika aljihu?

Shin ita baiwar Allah ta Poland ba ta ce a dakata da facin ba? Ina ganin mace ce mai hangen nesa.

Kawunki

Altamizal, 8 ga Afrilu

Yineth,

Wannan a takarda ce, ta hannun direba. Za ki ji dalili.

Babu wani aboki a Pitalito. Ni ne. Lambobinki sun ce rediyo kashi shida cikin ɗari, sikeli kashi ashirin, wasiƙu kashi saba'in da huɗu. Asabar biyu a jere, haka. Ni da na cika gari da cewa Olimpo ne, ashe ni ne ke zaune a kan aljihun mutane ina kallon keke. Kwana goma sha biyar tuwon masara bai yi mini daɗi ba.

Jiya da ƙarfe takwas na safe, kafin coci, na kashe kwamfutata da hannuna, da wasiƙun da komai. Bayan coci aka taru. Shugabar ƙungiya, Doña Herminda, ta ce, "To Aristóbulo, ga mu. Ina hujjar da ka yi wata guda kana yi mana alkawari?"

Olimpo yana zaune a baya, hularsa a kan gwiwa. Ya tsufa, Yineth. Shekara tara ban kalle shi da kyau ba, ban san ya tsufa haka ba.

Na miƙe na karanta lambobin yadda suke. Na faɗi maganar keken. Sai wani daga baya ya ce, "Wa ya ci tseren dai?" Aka kwashe da dariya, har Fada.

Na ce, "Olimpo, na yi maka ƙazafi. Ka yafe ni."

Ya taso yana ɗingishi, shi ma gwiwa. Ya ce, "Tóbulo, kai fa jaki ne."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Tun muna aji uku nake faɗa maka."

Na ce, "To ya isa, ba gaban mutane ba."

Sai ya rungume ni. Ya ce mini a kunne, "Maganar gwangwanin nan, kyanwar tawa ce. Ni na ga tana sha. Da na zo na faɗa maka a gida, ba a rediyo ba." Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Innarki ta yi wanda ya fi nawa. Kafin azahar an gasa alade, an fito da jita, Olimpo ya zauna kusa da ni yana ɗebe mini ƙashi daga nama kamar da.

Kunya na sha ta ƙoshi, amma rabon da in ji zuciyata wasai haka tun kina goye. Na gode miki da facinki. Ki gaida Bożena.

Kawunki

Medellín, 9 ga Afrilu

Kawu,

Ina fata wannan takarda ta same ka a zaune. In a tsaye kake, ka nemi kujera.

Ranar Lahadi da ƙarfe tara na safe na turo maka saƙo, ya dawo. Na sake har sau huɗu, duk suka dawo. Na kira wayarka, a kashe. Na kira Inna, ta ce ba za ta iya magana ba, kuka take yi kuma ana gasa alade. Jiya ta ba ni labarin duka, da muryar wayar a buɗe kamar kullum, ina jin Baba Olimpo yana neman ƙarin kofi. Shi ya sa ban ce komai ba.

Bożena ta gano kuskure a facina ranar Asabar. Ƙwaƙwalwar injin tana ba da lambobi ne bisa jerin wanda aka fara kunnawa. Ni kuma na jera sunaye bisa haruffa: rediyo, sikeli, wasiƙu. A injina ban taɓa gani ba, domin 'yan hayar gwajina sunansu a, b, c, kuma a haka nake kunna su. Kai fa, na san ka. Taka kake fara kunnawa, sai sikeli, rediyo kuma ƙarshe, bayan ka sha kofi ka bar shi ya jira.

Ka gane? Lambar farko taka ce, na manna mata sunan rediyo. Ta ƙarshe ta rediyo ce, na manna mata sunanka. Kekenka kashi shida ne, Kawu.

Laifina ne, kuma kwana biyu ke nan ina jin kamar in nutse. Amma na ce kada ka nuna wa kowa, da na san haka za ka yi da na ƙara da "har da babban taro". Ga zubi na biyar a ɗan filashin kwamfuta da ke cikin ambulan. Abin da za ka yi da shi, ban sani ba.

Yineth

Altamizal, 15 ga Afrilu

Yineth,

Na kunna kwamfutata, kina iya turo saƙo. Lafiya kuma kada ki tambaya.

Takardarki ta iso Juma'a. Ban nemi kujera ba, sai da na kai tsakiya na jawo ta da kaina. Asabar na sa zubi na biyar. Rediyo kashi saba'in da huɗu. Sikeli ya kwanta kamar yadda ya saba, layi har coci. Na bincika, ashe duk Asabar da safe Olimpo yake juye tsofaffin faifansa zuwa kwamfuta, ɗari-ɗari a lokaci guda, don ranar ce jikarsa ke zuwa ta ɗaga masa akwatuna.

Ni ne da gaskiya! Tun ranar farko! Na tsaya gaban mutum ɗari biyu na amsa sunan jaki a kan gaskiyata. Na buga lambobin a takarda, na ɗauki hulata, na fita. Taku arba'in da biyu, na yi arba'in.

A shagon da ke jikin ofishinsa rediyo na kunne. Sai na ji muryarsa: "Jama'a, na ji wasu a layi suna gunaguni wai har yau sikeli bai gyaru ba. Ku ba Aristóbulo lokaci. Mutumin da ya tashi a gaban gari ya ce ni ne, ba a yi masa gaggawa. Wanda ke da magana da shi, ya fara biyowa ta kaina." Sannan ya sa waƙar da aka yi mana ranar aurena. Sau biyu a jere, har yanzu bai iya tsare faifai ba.

Na juyo. Takardar tana aljihuna, ta jiƙe da gumi.

Hukuncin ƙungiya yana nan daram: wanda ya cinye aljihu, a kwashe masa kaya. Ni sun yafe mini don wasiƙu ba sa yiwuwa sai da ni. Shi ba za su yafe masa ba, Doña Herminda ta daɗe tana son ɗakinsa don ajiye taki. In kuma na yi shiru, Asabar mai zuwa sikeli zai sake kwantawa, a kira wani masani daga birnin Neiva ya duba. Ke da kika jawo, ki faɗa mini yadda zan yi.

Kawunki

Medellín, 16 ga Afrilu

Kawu,

Akwai hanya, kuma ba ƙarya a cikinta. Manhajar ta iya yanke wa kowane ɗan haya rabonsa na aljihun, abin da ta rasa a da shi ne sanin wa za a yanke wa. Yanzu mun sani. Ka ba sikeli rabi nasa shi kaɗai, ku biyu ku raba sauran. Layi uku ne, na rubuto su a ƙasa. Rediyo zai ci gaba da magana lafiya lau, juyen faifan ne kawai zai riƙa ɗaukar lokaci.

Abin da ba zan yi ba shi ne in sa lambobin su faɗi abin da ba haka ba, kada ma ka tambaya. Duk wanda ya zauna gaban allonka zai ga gaskiya.

Af, an karɓi facin yau da safe. Bożena ta rubuta, "Ba laifi." Na ɗauki hotonsa.

Yineth

Altamizal, 22 ga Afrilu

'Yata Yineth,

Muna lafiya. Innarki ta sa mini gishiri kaɗan a miya jiya, ta ce na yi hankali.

Na sa layukan nan uku. Asabar sikeli ya riƙa fitar da lamba kafin buhu ya gama zama. Kafin sha ɗaya layi ya ƙare, mutane suka rasa abin yi suka tsaya hira. Kowa cewa yake, "Ka gani, da Aristóbulo ya daina kallon keke." Yara sun fara kirana Mai Keke. Mai shago ya ba ni kyautar ƙararrawa.

Wajen sha biyu sai ga Olimpo ya shigo ofishina ba sallama, kamar da. Lambobin na kan allo ɓaro-ɓaro, rediyonsa ya cika rabonsa har baki. Ya ja kujera ya zauna dab da ni.

Ya ce, "Tóbulo, yau juyen faifaina na tafiyar kunkuru. Ba ka koma wa keken nan ba ko?"

Na ce, "Wataƙila saura ne bai gama fita ba."

Ya matso da fuska kusa da allon, ya lalubi aljihun riga, ya bar tabarau a gida. Ya ce, "Me wannan ke cewa?"

Yineth, shekara sittin da bakwai ban taɓa riƙe gaskiyata a baki na haɗiye ba. Na ce, "Cewa yake kowa na zaune a wurinsa."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kada ka damu, kowa na kuskure. Ni na yafe maka tuni." Ya zauna ya shanye mini kofi.

Haka zan zauna da shi, kuma na zaɓa da idona a buɗe. Amma abu ɗaya nake roƙo. Ba zan iya shiga kabari ba tare da wani mahaluki ya faɗa mini ba. Ki samu takarda, ki rubuta da hannunki, ki liƙe ambulan da kyau saboda direba. Zan karanta sau ɗaya in sa a murhu kafin innarki ta shigo.

Kawunki,
Aristóbulo

Medellín, 24 ga Afrilu

Kawu,

Kai ne da gaskiya, tun ranar farko.

Na rubuta da manyan haruffa don kada ka ɓata lokaci neman tabarau. Karanta sau biyu, ba wanda zai sani.

Yineth